Gidan gado za mu sayar a Ɗorayi, wane gyara ne zai ɗaga masa kuɗi?

Abban Sadik:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gidaje. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara gab da azumi, ya bar gida ɗaya a Ɗorayi, mu bakwai ne sai Hajiyarmu, an zauna kowa ya yarda a sayar a raba tunda Hajiya ta dawo wajena da zama. Fuloti ɗaya ne hamsin da ɗari, ɗaki huɗu da falo, zaure, kicin, banɗaki biyu, ga rijiya a tsakar gida da bishiyar mangwaro da Baba ya dasa da hannunsa, sai shago ɗaya a waje da wani tela yake haya. Ginin bulo ne amma tsohon gini, ya haura shekara talatin.

Wata biyar kenan muna abu ɗaya. Mun sa masa miliyan 38, dillalai sun kawo mutane sun fi goma, wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a 27, wasu ma ko tayin basa yi, su leƙa ɗaki biyu su ce za mu yi waya shikenan. Wanda ya fi tsaya min a rai wani Alhaji ne da ya zo da matarsa ranar Asabar, shi dai na ga alamar gidan ya kwanta masa har yana auna zauren da ƙafa wai ko mota za ta shiga in an fasa, amma matar tana shiga banɗakin baya ta fito da mayafi a hanci, bata sake cewa uffan ba har suka shiga mota. Wallahi ranar ban runtsa ba, gidan da aka haife mu a ciki ne fa.

Yanzu ƙanina yana cewa mu haɗa kamar miliyan 4 a yi POP (silin ɗin ado na farar filasta) a falo, a sa tayil ko'ina, a zuba intalok a tsakar gida, wai shi ne zai sa a taya da daraja. Yayarmu ta ce ko kwabo ba za ta sa ba. Sannan akwai ɗakin ƙarshe, bangon da ya haɗa mu da maƙwabci ƙasansa kullum a jiƙe yake, filastar tana zubowa kamar gari, wani fari-fari kamar gishiri yana fitowa, ƙanin nawa ya ce a shafe da siminti a buga fenti kafin ruwa ya sauka ba wanda zai gane. Ni dai raina bai kwanta da wannan ba. To me za mu gyara me za mu bari? Kuma kuɗin da za a zuba yana dawowa kuwa?

Maman Walida:

Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya bai wa Hajiya haƙuri.

Ɗan'uwa matar nan da ta toshe hanci ai ta gama baka amsa. Maigida shi ke biyan kuɗi amma mace ce za ta wuni a gidan, in ta ce bai yi mata ba magana ta ƙare a cikin mota tun kafin su kai titi. Mu da muka sayi namu gidan a Rijiyar Zaki sai da muka duba gida tara, kuma ban taɓa ɗaga kai na kalli silin ba, wurare uku nake nufa kai tsaye, banɗaki, kicin, sai tsakar gida in ga inda zan yi wanki da shanya da inda ruwan wanke-wanke zai bi ya fita.

Bari in tambaye ka, kayan Baba suna nan a ɗakunan ko? Don kusan duk gidan gado haka ake barinsa, tsofaffin katifu a jingine, akwatunan ƙarfe, buhunan takardu, kwanukan Hajiya na jere, keken da ya mutu a zaure, kowa yana jin nauyin taɓawa. Na san da ciwo amma ku sa rana ku kwashe komai, abin rabawa a raba, na sadaka a bayar ladan ya kai masa. Ɗaki in babu kaya a ciki girmansa yake fitowa, kuma mai saye zai tsaya a tsakiya ya fara cewa nan za mu sa gado can kujeru, to da zarar ya fara wannan lissafin gidan ya shiga ransa. Amma in yana ganin hular mamaci a rataye jikin ƙusa sai ya ji kamar baƙo ne da ya zo gaisuwa, sauri zai yi ya fita.

Sai wari. Gidan da aka rufe wata da watanni masansa bushewa yake, ruwan nan da ke tsayawa a wuyan masai shi ke tare wari kada ya dawo, in ya ƙafe duk warin sokawe cikin banɗaki yake juyowa. A samu yaro yana zuwa duk bayan kwana biyu yana zuba bokiti ɗaya a kowane masai da kowace magudana, a wanke da omo da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, in kan masan ya dafe ko ya tsage a canza shi gaba ɗaya ba wani kuɗi ba ne in ka gwada da miliyoyin da ake rage muku. In sokawen ya cika a kira masu mota su kwashe. Kuma dan Allah kar a yi abin da wasu ke yi na banka turaren wuta a kan wari, mace tana shiga za ta gane ana ɓoye wani abu ne, sai an gama wanke ko'ina an buɗe tagogi iska ta ratsa tukunna a ɗan sa turaren kaɗan.

Ragowar ƙanana ne amma suna aiki. A share ganyen mangwaron kullum, a sassabe rassan da suka rufe hasken tagogi amma kar a sare bishiyar, a zafin Kano na watan Afrilu inuwa dukiya ce. A cire yanar gizo-gizo, a wanke gilasan tagogi, ragar sauro da ta yage a sake ta, ƙwan fitila a kowane ɗaki mai haske fari, ƙofar da ke ƙara a ɗiga mata mai. Kwatar ƙofar gida a yashe ta ko da ta maƙwabta ce ta toshe, don mai saye daga bakin layi yake fara yanke hukunci. In za ku ɗauki hoto na turawa a WhatsApp ku ɗauka da hantsi, a tsaya a kusurwar ɗaki, ba buta ba bokiti ba silifa a ƙasa.

Injiniya Ɗan Sharaɗa:

Malam Abban Sadik, ni aikin gini nake yi, bari in yi magana a kan bangon nan don shi ne babbar matsalarku ba POP ba.

Wannan farin abin gishiri ne da gaske. Ruwa ne yake hawowa daga ƙasa ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, in ya kai sama ya bushe sai ya bar gishirin da ya ɗebo, gishirin shi ke cin filasta har ta koma gari. Tsofaffin gidaje da yawa ba a shimfiɗa musu ledar hana danshi a kan fandisho ba shi ya sa. Amma tunda ka ce bango ɗaya ne kawai kuma kullum a jiƙe ko da rani, to akwai inda ruwan yake fitowa, ka zagaya gidan maƙwabcin ka roƙe shi ka duba, na fi zaton banɗakinsa ko wurin wankinsa ko sokawensa a jikin bangon yake, ko kuma bututunku ne ya fashe a ƙarƙashi. In ba a tsayar da ruwan ba duk abin da aka shafa asara ce. Abin da ƙaninka ya ce kuwa ba ya ma ɓoyuwa, fentin mai a kan jiƙaƙƙen bango sati kaɗan zai kumbura ya yi ƙuraje ya fara ɓarewa, kuma duk mai sayen da ya zo da magini abu na farko da maginin zai yi shi ne ya bi ƙasan bango yana ƙwanƙwasawa da mukulli, inda ya ji ƙarar fanko ya gane. Sabon fenti a bango ɗaya tak cikin tsohon gida ma kansa tona asiri ne.

Gyaran gaskiya shi ne a toshe hanyar ruwan, a farfashe filastar har kamar mita ɗaya daga ƙasa, a bar bulon ya sha iska ya bushe sosai, wannan zai ɗauki makonni ba kwana biyu ba, sannan a sake filasta da yashi mai kyau da maganin hana ruwa da ake haɗawa a siminti, sai fentin ruwa. Buhun siminti kaɗan ne da ladan magini.

Bayan wannan ka hau rufi. Kwanon da ya yi tsatsa ko ƙusa ta saki a canza, silin ɗin da ya yi taswirar ruwa a cire a sa sabo, don mai saye in ya ɗaga kai ya ga tabon yoyo ɗaya lissafin sake rufin gida gaba ɗaya zai yi ya cire daga tayinsa, kuma kowa ya san yadda kayan gini suka tashi tun bayan cire tallafin mai a 2023, buhun siminti ma sai da ya haura dubu goma a farkon 2024. Tsagar bango ka duba iri biyu ce, siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce a cike ta, amma wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace kuma ana ganinta ta ciki da waje wannan fandisho ne ya motsa, sai an kira wanda ya sani ya gani.

Fenti a yi wa gidan duka kala ɗaya, fari ko ruwan madara, get ɗin ma a kankare tsatsa a shafa. POP da tayil ko'ina a gida mai shekara talatin ban baku shawara ba, sau nawa ana kirana in farfashe sabon tayil don matar sabon mai gida bata son kalar. In akwai rarar kuɗi a sa tayil a banɗaki biyun da kicin kawai, a yashe rijiyar a yi mata murfi.

Sadauki 09:

Ni dai ban yarda POP baya ƙara kuɗi ba gaskiya, abokina ya yi wa nasa a Hotoro da fitilu masu kala kuma cikin sati uku aka saya, mutanen yanzu ido suke saye.

Baba Dillali:

Sadauki ɗana, Hotoro daban lungun Ɗorayi daban. Kowace unguwa tana da iyakar kuɗin da ake sayen gida a cikinta, ko zinare ka shafa wa silin ba za a biya ka kuɗin Nasarawa GRA a layin da mota biyu ba sa wucewa tare ba. Sabon gini a sabuwar unguwa ado yana taimakonsa. Tsohon gida kuwa rabin masu tayawa filin suke so da wurin, wani ma rushewa zai yi.

Abban Sadik, Allah ya gafarta wa mahaifinku. Shekarata sama da ashirin a wannan sana'a, abin da Hajiya Maman Walida da Injiniya suka gaya maka duk haka ne ka yi shi, amma akwai abin da babu wanda ya tambaye ka, ina takardun gidan? Awon gwamnati ne mai satifiket ko awon igiya ne da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa? Don gida biyu iri ɗaya a layi ɗaya, mai satifiket ya fi ɗaya kuɗi nesa ba kusa ba, kuma shi ne manyan masu saye suke nema saboda banki yana karɓarsa. In akwai satifiket ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba fayil ɗin, a ga ko akwai bashin kuɗin ƙasa a biya, ka kuma tambaya ko an sabunta shi a sabuntawar da gwamnatin jiha ta fara a ƙarshen 2024. Ka sani kuma a dokar filaye ta 1978 gida mai satifiket ba ya komawa sunan mai saye sai da amincewar gwamna, lauyan mai saye zai bi wannan, in ya tarar kun shirya komai ciniki baya jan lokaci. Tunda gidan gado ne ku je kotun shari'a a tabbatar da magada a baku takarda, a rubuta wanda kuka wakilta ya yi ciniki kowa ya sa hannu har matan da ke gidan aure. Babu abin da ke korar mai kuɗi irin ya ji an ce akwai wani ɗa a Legas da bai sani ba. Bil ɗin wuta ma a biya a ajiye rasit, shi kuma telan nan a san yaushe kuɗin hayarsa zai ƙare a gaya masa da wuri cikin mutunci, kar mai saye ya zo ya tarar da rigima a ƙofar gida. Duk takardun nan ka yi musu hoto ka sa a fayil ɗaya, mai dubawa yana gama zagaya ɗakuna ka miƙa masa, za ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Na biyu, ka ce dillalai. Su nawa? Don in ka baza gida a hannun mutum shida kowa zai ɗora nasa a kai, wannan ya ce 38 wancan ya ce 42 wani ya ce ai magada ne a matse suke ko 25 za su karɓa, mai saye ɗaya sai ya ji gidan daga baki uku da kuɗi uku, daga nan ya san akwai wasa. Wata biyar kuma gida ya fara zama kwantai, kowa tambayarsa me ya hana a saya. Shawarata ku janye shi daga kasuwa gaba ɗaya, ku yi gyaran nan wata ɗaya ko biyu, sannan ku fito da shi a hannun mutum ɗaya ko biyu da kuka yarda da amanarsu, a yi maganar la'ada tun farko, mu nan abin da aka saba biyar cikin ɗari ne, kuma a ce ba ɗori. Kar ka yarda a kawo maka ɗan tayin ƙarya wai don a zuga mai saye, haramun ne kuma masu kuɗin sun san wannan wasan sun fi ka.

Sannan 38 ɗin nan daga ina kuka samo ta? Ba kuɗin da maƙwabta suka sa wa nasu za ka tambaya ba, wanda aka sallama aka biya za ka tambaya, mai unguwa ya sani tunda da shi ake shaida. Ka samo gida uku da aka sayar kusa da ku cikin shekarar nan ka gwada. Wataƙila 38 daidai ce, wataƙila ƙaunar gidan ce ta sa ku ƙara, ido ba mudu ba amma ya san kima. Ranar da za a zo dubawa kuma mutum ɗaya ya tsaya, ba magada bakwai a tsakar gida kowa yana sa baki ba, kuma kar a ce wa kowa ana sauri ne.

Lokaci ma ka lura. In layinku baya cin ruwa to watan Agusta abokinka ne, ka kira mai saye ya zo bayan an ɗauke ruwan sama ya ga da idonsa ba yoyo ba kwanciyar ruwa, gani ya kori ji.

Malam Abu Hafsa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan'uwa rashin kwanciyar ranka a kan bangon nan alheri ne, ka riƙe shi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibi, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi, ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ka ga danshi ne can danshi ne nan. Share gida da fenti da gyara duk halal ne, ado ne na kayan sayarwa, amma aibin da ka sani wajibi ne ka faɗa, in aka ɓoye mai saye ya gano yana da damar dawo muku da gidan ya karɓi kuɗinsa, lokacin kuwa an riga an raba kowa ya kashe nasa, ka sayar da akuya ta dawo tana ci maka danga. Ko bayan kun gyara ku gaya masa nan yana jiƙa da, ga abin da muka yi, a rubuta a takardar ciniki. Kuma kuɗin gyaran kar a tilasta wa yayarku, ko wani ya ranta a cire daga kuɗin gidan kafin rabo da yardar kowa a rubuce, in akwai ƙaramin yaro a cikin magadan a sanar da alƙali.

Abban Sadik:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci, ku yi haƙuri na kwana biyu ban leƙo ba. Na tura wa 'yan'uwana duk abin da kuka rubuta. Injiniya maganarka ta fito, na shiga gidan maƙwabcinmu, wurin wankin matansa ne a jikin bangon kuma simintin ƙasan ya fashe ruwan yana nutsewa nan, bawan Allah bai ma yi musu ba ya ce in kawo magini mu raba kuɗin. An farfashe filastar shekaranjiya tana shan iska.

Maman Walida kayan Baba mun kwashe ranar Lahadi, Hajiya da kanta ta zo ta zauna a gindin mangwaron tana faɗin wanda za a bai wa kowane abu, an sha kuka amma an gama, allonsa da carbinsa ta riƙe. Ɗakunan kuwa sai ka ce an ƙara musu faɗi. An kwashe sokawe an canza kan masai ɗaya.

Baba Dillali dillalai biyar ne wallahi, na kira su duka na ce an dakata. Satifiket akwai, mun same shi a cikin akwatin ƙarfen Baba a naɗe cikin leda, sunansa ne a kai, gobe in sha Allah zan je KANGIS da shi, takardar kotu kuma yayarmu ta ce ita za ta bi tunda ba kuɗi da yawa ba ne. Ƙanina ya haƙura da POP amma har yanzu yana nan a kan intalok. Abin da nake so in ƙara tambaya Baba, shi Alhajin nan da ya zo da matarsa ina da lambarsa, in an gama gyara ni zan kira shi kai tsaye ko sai ta hannun dillalin da ya fara kawo shi?

Baba Dillali:

Ta hannun dillalin da ya kawo shi ɗana, haƙƙinsa ne, in ka tsallake shi gobe zai zo ƙofar gida yana neman la'adarsa kuma yana da gaskiya. Ka ce masa ya gaya wa Alhajin ya sake zuwa da Hajiyar tasa, kuma ka fara kai ta banɗakin bayan nan kafin ko'ina. Intalok a bar shi, a cike ramukan tsakar gidan da siminti ya isa.